Duwatsun Sin a kan Takardar Japan

A babban gidan adana kayan tarihi na birnin Tokiyo akwai wani dogon zane da wani dattijo, malamin addinin Buda mai suna Sesshu Toyo, ya yi a shekarar 1495. Wanda ya fara ganinsa zai yi zaton tawada ce ta kife a kan takarda. A ƙasa akwai baƙin dabbare-dabbare, wani wuri ya yi duhu ƙirin, wani wuri ruwa ya tsinka shi har ya koma toka-toka. Sai an ɗan ja baya ido ya zauna, sannan dabbaren zai zama gaɓar dutse mai kurmi a kanta. Daga nan a hangi 'yan layuka masu kaifi da suka fitar da rufin wani gida, da ƙaramin kwalekwale ɗauke da mutum biyu, can sama kuma kawunan tsaunuka suna leƙowa daga cikin hazo ba tare da an ga gindinsu ba. A saman takardar Sesshu ya yi rubutu da hannunsa, domin kyauta ce ya ba almajirinsa Soen da zai koma garin Kamakura. Ya ambaci tafiyar da ya yi ƙasar Sin neman malamin zane, ya ce ƙwararrun da ya tarar ba su da yawa, ya kira sunan biyu da ya ƙaru da su, Li Zai da Zhang Yousheng, sannan ya ce bayan dawowarsa ya ƙara gane darajar magabatansa na gida, Josetsu da Shubun. Salon watsa tawadar na wani malamin Sin ne na ƙarni na 13 mai suna Yujian. Tsaunukan irin na Sin ne. Rubutun kansa da harshen ilimi na Sinawa aka yi shi. Duk da haka mai zanen yana faɗa wa almajirinsa cewa gadon wannan fasaha yana nan gida Japan.

Wannan takarda guda ta tattara duk muhawarar da ake yi kan zanen tawada na Japan. Wasu na cewa kwaikwayon Sinawa ne tsagwaronsa, wasu kuma na cewa ruhin Japanawa ne ya bayyana a cikinsa, Sin ba ta ba da komai ba sai kayan aiki. A ganina duka ɓangarorin sun kauce wa inda maganar take. Babu musu cewa daga Sin fasahar ta zo, da kayan aikinta, da jigoginta, da ƙa'idojinta. Sai dai ba dukanta ta ƙetare teku ba. Ta wata ƙunƙuntar ƙofa ta shigo, a hannun wasu mutane ƙalilan, kuma waɗanda suka karɓe ta sun yi zaɓi, har suka ɗaukaka abin da masanan Sin suka raina. A cikin wannan zaɓi, da yadda aka sake wa zanen mazauni a ɗakunan Japan, hannun Japanawa ya fito.

Kayan aikin ba su da yawa. Tawadar kunkunniya ce da ake tarawa daga hayaƙin itace ko na mai, a kwaɓa ta da mannen da aka dafa daga fatar dabba, a busar da ita ta zama sanda. Wanda ya san tawadar makarantar allo, ta baƙin gawayi da ƙaro, ya san danginta. Mai zane yana goga sandar a kan wani lallausan dutse da ɗan ruwa, kuma yawan ruwan ne ke ba shi launukansa, daga baƙi wuluk zuwa tokar da da ƙyar ido ke kama ta. Alƙalaminsa na gashin dabba ne, yana rubutu da shi yana zane da shi, shi ya sa Sinawa ba su taɓa raba rubutu mai kyau da zane mai kyau ba. Takarda ko siliki na shanye tawada nan take, don haka babu gogewa, babu gyara. Sinawa na kiran zanen shimfiɗar ƙasa shanshui, wato dutse da ruwa, Japanawa suka ɗauki kalmar suna furta ta sansui. Fasahar ta kai ƙololuwa a zamanin daular Song. Kafin 1127, lokacin da fadar take arewa, masu zane irin su Fan Kuan da Guo Xi suna dasa ƙaton tsauni a tsakiyar zane ya cika shi fal, mutane da dabbobinsu a gindinsa kamar tururuwa. Da fadar ta yi hijira kudu zuwa Hangzhou, ƙasar tafkuna da hazo, sai salo ya sauya. Ma Yuan da Xia Gui suka riƙa tura dutse da itace zuwa kusurwa ɗaya su bar sauran fili babu komai, har aka yi wa Ma Yuan laƙabi da mai kusurwa guda. Yana da kyau a riƙe wannan bambanci, domin salon kudu ne ya isa Japan, na arewa kuwa kusan bai taka ta ba a wancan zamani.

Dalilin haka yana cikin hanyar da kayan suka biyo. Japanawa sun san tawada tun da daɗewa, kuma a taskar Shosoin da ke Nara akwai zanen tawada a kan ƙyalle tun ƙarni na 8. Amma bai yi saiwa ba. Bayan an daina aika jakadu zuwa daular Tang a 894, fadar Kiyoto ta karkata ga zane mai launuka, na ƙananan tuddai da labaran fada, wanda ake kira yamato-e. Sai da ɗariƙar Zen ta addinin Buda ta kafu sannan zanen tawada ya sami masu rainonsa. Malami Bajapane Eisai ya je Sin sau biyu, ya dawo ya kafa gidan ibada na Kenninji a 1202. Malamin Sin Lanxi Daolong ya iso Japan a 1246, aka gina masa Kenchoji a Kamakura a 1253. Wuxue Zuyuan ya biyo baya a 1279, shekarar da Mongolawa suka gama da daular Song. Manyan gidajen Zen na Sin kuwa a kewayen Hangzhou da Ningbo suke, kuma Ningbo ce tashar da jiragen Japan suka fi sauka. Abin da ke rataye a bangon waɗannan gidaje, da abin da ake sayarwa a kasuwannin wannan yanki, shi ne ya hau jirgi. Ibada da fatauci a jirgi ɗaya suke tafiya. Wani jirgi da ya nitse a gaɓar Sinan ta Koriya a 1323, aka tono shi daga 1976, an tarar yana ɗauke da tangaran sama da 20,000 da sulallan tagulla kusan tan 28, kuma a jikin wasu allunan shaidar kaya an rubuta sunan Tofukuji, gidan Zen na Kiyoto. A 1342 ma an tura jirgi Sin takanas domin ribar ta gina gidan ibada na Tenryuji.

Babu inda zaɓin Japanawa ya fito fili kamar a kan Muqi, wani malamin Zen da ya rayu a Hangzhou a ƙarni na 13. Masanan Sin ba su ɗauke shi da daraja ba. Wani littafin tarihin masu zane da Xia Wenyan ya rubuta a 1365 ya kwatanta aikinsa da abu mai kaushi, marar bin tafarkin magabata, wanda bai cancanci mai ɗanɗano ya ɓata lokaci a kansa ba. A Japan kuwa, inda ake kiransa Mokkei, babu sunan da ya fi nasa nauyi. Gidan ibada na Daitokuji yana riƙe da zanensa mai fuska uku: a tsakiya Kannon, wadda mabiya Buda ke ɗauka alamar tausayi, zaune a kan dutse cikin farin mayafi, a gefe ɗaya gauraka tana takowa daga cikin gora, baki buɗe, a ɗaya gefen uwar biri rungume da ɗanta a kan busasshen reshe. Gashin birin an yi shi da busasshen alƙalami har ya zama kamar za a iya shafa shi, iskar da ke bayan gaurakar kuwa danshi ne kawai na tawada mai ruwa-ruwa. Wannan danshin, wannan haske da ke ratsa hazo, shi Japanawa suka ƙwallafa rai a kai. A wani sashe na gidan akwai ɗan ƙaramin zane da ake danganta masa, na 'ya'yan itacen kaki guda shida, dangin kanyar da muka sani, jere a fili ba tire ba tabarma, wani baƙi, wani toka, wani zagaye ne kawai na siririn layi. Manyan masu zane na daular Yuan da Sinawa ke alfahari da su, irin su Huang Gongwang da Ni Zan, ayyukansu ba su yi tasiri a Japan ta wancan lokaci ba. Iyakar ma ba ta da kaifi kamar yadda ake zato: Mokuan, malami Bajapane da ya tafi Sin ya rasu a can wajajen 1345, an daɗe a ƙasarsa ana lissafa shi cikin masu zanen Sin.

Daga hannun malamai kayan suka koma hannun masu mulki. Gidan Ashikaga, shugabannin mulkin soja da ake kira shogun, sun mayar da tara kayan Sin, karamono, alamar isa. Yoshimitsu, wanda ya gina gidan zinariya na Kinkakuji, shi ya buɗe fatauci a hukumance da daular Ming a farkon ƙarni na 15. Jikansa Yoshimasa ya gaji taskar ya ƙara mata suna. Suna da masu kula da kayan, Noami da ɗansa Geiami da jikansa Soami, kuma daga gidansu ne aka sami kundin da ya jera masu zanen Sin a mataki uku, na sama da na tsakiya da na ƙasa, tare da bayanin yadda ake ƙawata ɗaki da kayan. Ma'aunin na Kiyoto ne, ba na Beijin ba. Akwai kuma abin da aka yi wanda ya nuna irin ikon da suka ji suna da shi a kan kayan. Dogayen naɗaɗɗun zanuka na wurare takwas na kogunan Xiao da Xiang, waɗanda ake dangantawa ga Muqi da Yujian, an yi su ne domin a warware su a hankali a kan tebur, daga dama zuwa hagu. A Japan aka sa wuƙa aka yanka su gida-gida, aka yi wa kowane yanki ƙyallen rataya, domin ya dace da alkukin ɗakin baƙi. Mutum na iya jin zafin wannan yanka, kuma da gaskiyarsa, domin an raba abin da mai shi ya haɗa. Amma yankan ya haifar da wata irin kallo: fage ɗaya, an keɓe shi, ana zaune a gabansa shiru.

A wannan yanayi masu zanen gida suka taso, yawancinsu malamai a gidan Zen na Shokokuji. Wajajen 1413 shogun Yoshimochi ya sa Josetsu ya zana wani mutum a bakin rafi yana ƙoƙarin kama tarwaɗa da goran duma, malamai 31 suka rubuta baitoci a kai. Tambaya ce irin ta Zen, mai santsi a kan mai santsi, amma bayan mutumin akwai tsaunuka masu narkewa cikin hazo, irin na Song ta kudu. Shubun ya biyo bayansa, aka yi ta yin dogayen zanuka na bukkar karatu a gindin tsauni, sama cike da waƙoƙin abokai. Masu ba da aiki ma da sunan Sinawa suke yin oda: a yi mini ɗakin nan da salon Xia Gui, wancan da salon Muqi.

A nan ne mai suka zai ɗaga murya, kuma sukar tana da ƙarfi. Zai ce kayan aro ba ya rufe katara. Ga mutanen da ba su taɓa ganin kogin Xiang ba suna zana shi, suna zana tsaunuka masu tsini irin waɗanda babu su a kewayen Kiyoto, suna sa wa mutanen cikin zanen tufafin Sinawa, suna zana biri mai dogayen hannaye alhali a Japan babu irinsa a daji, suna zana damisar Asiya mai ratsi da ba ta zaune a tsibiransu. Wannan duka gaskiya ne. Amma sukar ta ginu ne a kan zaton cewa aikin zanen dutse da ruwa shi ne ɗaukar hoton wani wuri, kuma ko a Sin ba haka abin yake ba. Ma'aikacin fada a Hangzhou da ya rataya zanen bukka a tsauni ba taswirar ƙauyensu ya rataya ba. Wurin da zuciyarsa ke gudu ne idan hayaniyar mulki ta ishe shi. Malaman Zen na Kiyoto suna tsakiyar birni, suna rubuta wa shogun wasiƙun jakadanci, suna riƙe da lissafin dukiya, kuma buƙatarsu ga wannan bukka ta gaske ce, ba ta aro ba. Sin a wurinsu ƙasar littattafai ce, kamar yadda ɗalibin ilimi ke sanin garuruwan da ya karanta a littafi kafin ƙafarsa ta taka su. Sesshu ya taka. Ya bi tawagar gidan Ouchi na Yamaguchi a 1467, shekarar da yaƙin Onin ya fara cinye Kiyoto, ya sauka Ningbo, aka karrama shi a gidan Zen na Tiantong, ya isa Beijin, ya dawo a 1469. Abin da ya dawo da shi ya fi salo: ya ga ƙasar da idonsa, kuma layinsa ya yi nauyi, duwatsunsa suka sami ƙashi. Dogon naɗinsa na 1486, mai tsawon kusan mita 16, yana bin yanayi huɗu na shekara da salon Xia Gui, amma babu mai ɗaukarsa aikin Xia Gui, saboda ƙarfin zanen ya fi na Xia Gui gautsi da taurin kai. Bayan ya haura tamanin, tsakanin 1501 da 1506, ya juya wannan alƙalami ga ƙasarsa, ya zana Amanohashidate, wani siririn tudun yashi mai itatuwa da ya ratsa bakin teku a arewacin Kiyoto. Gidajen ibada da ƙauyukan da ke ciki na gaske ne, ana iya kiran sunayensu, sai dai ya hango su daga wani tsayi da babu tsaunin da ya kai shi a wurin.

Ginin gidaje ma ya yi nasa aikin. Ɗakin Japan ana raba shi da ƙofofin takarda masu zamewa da shamaki mai naɗewa, kuma mutane a ƙasa suke zama. Zanen da aka ƙirƙira domin ɗan faifai ko siririn rataye dole ya miƙe ya zagaye ɗaki. Kano Motonobu, wanda ya rayu daga 1476 zuwa 1559, shi ya tsara wannan sana'a, ya haɗa layin tawadar Sin da launukan yamato-e, gidansu kuma ya riƙe aikin zanen masu mulki kusan shekara 400. Amma wanda ya kai abin maƙura shi ne Hasegawa Tohaku. Ya yi nazarin zanukan Muqi a Daitokuji har ya zana irin birin nan nasa. Sannan a ƙarshen ƙarni na 16 ya yi shamaki biyu, kowane mai fuska shida, babu komai a kansu sai itatuwan matsu, masu ganye kamar allura, tsaye cikin hazo. Na gaba baƙi ne, an yi ganyensa da bugun alƙalami mai kaushi da sauri. Na baya yana dusashewa har ya ɓace. Fiye da rabin takardar fari ne fat. Babu bukka, babu masunci, babu malami mai sanda, babu ko ɗaya daga cikin jigogin Sin. Itacen kuma na kowace gaɓar teku ce a Japan. Darasin danshi da haske na Muqi ne, amma Muqi bai taɓa yin abu mai wannan faɗi da wannan ƙarancin kaya ba.

Wannan shamaki ne masu ɗaya ra'ayin suke kafa hujja da shi, su ce barin fili fari ɗabi'ar Japanawa ce tun asali, ko kuma hikimar Zen ce tsantsa. Nan ma sai an yi hattara. Farin filin yana da tarihi, kuma tarihinsa ya bi ta Hangzhou, ta hannun Ma Yuan da Xia Gui da Yujian. Ma Yuan da Xia Gui kuwa ma'aikatan fadar sarki ne, ba malaman Zen ba. Su kansu Japanawan zamanin Tohaku sun fi kashe kuɗi a kan bango mai ruwan zinariya da launuka masu ƙyalli, don haka ba za a ce son sauƙi ne kaɗai a jininsu ba. Akwai kuma hannu na uku da ake yawan mantawa da shi. Shubun ya je Koriya cikin wata tawaga a 1423, zanukan Koriya sun shigo Japan, kuma masana na ganin alamun salon can a wasu ayyukan wannan zamani. Wanda ya ce komai daga zuciyar Japan ya ɓuɓɓugo ya share waɗannan mutane duka daga labarin.

Abin ya sake faruwa daga baya, a zamanin Edo, kuma yadda ya faru ya ƙarfafa hujjar. Gwamnati ta hana Japanawa fita ƙasar, Nagasaki ta zama mashigar kayan Sin. Malamin Zen Yinyuan ya iso a 1654, 'yan kasuwa masu iya zane suka riƙa zuwa, littafin koyon zane na Lambun Ƙwayar Mastad da aka buga a Sin a 1679 aka sake buga shi a Japan a 1748. Ta nan salon masana irin na su Huang Gongwang da Ni Zan, wanda aka tsallake a da, ya shigo, aka kira shi nanga. A Sin wannan salo na manyan ma'aikata ne masu alfaharin cewa ba sa sayar da zane. A Japan sai ya faɗa hannun Ike no Taiga da Yosa Buson, waɗanda da alƙalaminsu suke ci. Daga bugun katako suka koyi layukan, ba su ga manyan ayyukan asali da yawa ba, kuma wannan gibi ya ba su sarari. Taiga ya hau tsaunin Fuji da wasu tsaunukan ƙasarsa ya zana abin da ya gani, Buson kuma ya shigar da taushin gajerun waƙoƙinsa na haiku cikin tawada.

Yau duk mai son nazarin Muqi, ko daga Sin yake, sai ya nufi Japan, domin a can ne mafi yawan ayyukan da ake danganta masa suka tsira. Zanen nan mai fuska uku yana naɗe a taskar Daitokuji mafi yawan shekara. A al'adar gidan, rana ɗaya a watan Oktoba, idan ba a yi ruwa ba, malamai kan fito da dukiyar gidan su rataya ta sha iska saboda danshi da ƙwari, a buɗe ƙofofi, jama'a su shigo ba takalmi su zauna a gaban gaurakar da uwar birin, cikin hasken rana da ke shigowa daga lambu.